Rigar Siminti a Zauren Madugu

Jikokin Haladu magini ne suka matsa mini in rubuta musu labarin kakansu, wai ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando. Na ce su sake tunani. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne, kuma wanda ya miƙa wa taubashi alƙalami ya ba kura ajiyar nama. Suka ce sun ji sun gani. To shi ke nan.

Sunana Dela, daddawa ce sana'ata tun ina budurwa. Aure huɗu na yi, biyu a nan Kazaure, ɗaya a Roni, ɗaya a Yankwashi, kuma duk gidan da na shiga da tukunyar kalwata na shiga, da ita na fito. Na ambaci sana'ar ne don ita ta haɗa ni da aikin Haladu. Ni ƙwayar ɗorawa nake so. Shi ɓawonta yake so, wanda ake dakawa a jiƙa a sami makuba, ruwan nan ja-ja da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi don kada ruwan sama ya ci bango. Shekara arba'in yana kwashe mini shara, kuma har ya mutu yana ganin ni nake yi masa alheri. Ban gyara masa fahimta ba.

Gajere ne, mai faɗin ƙafa kamar faifai saboda taka laka. Maganarsa a yini ba ta wuce a ƙirga da yatsu, rabinta kuma sallama ce. In aka kai shi inda za a yi gini sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasar wurin ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Matarsa Shatu ta taɓa ce mini ba ta san dalilin da take wahalar sa gishiri a miya ba, tunda mutumin da take dafa wa ya riga ya ƙoshi a bakin kududdufi.

Ubansa, Kawu Sama'ilu, shi ne maginin da ake ji da shi a zamaninsa. Shi ya gina zauren Madugu Daudu, wani Babarbare falke da ya yi arzikin goro ya zauna a unguwarmu. Duk wanda ya san Kazaure ta da ya san zauren nan. Ba shi da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakuna biyu ne irin bakan maharbi, masu ƙafa huɗu, suka taso daga bango huɗu, suka lanƙwasa suka haɗu a sama, kamar yadda ake gicciya itace a bakin guga, shi ya sa ake kiran irin rufin ɗaurin guga. A inda suka haɗu an manna wani farantin tangaran mai shuɗin baki. Mutum talatin na zama a ciki ba a taka wa kowa riga ba. Da tsakar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa.

Kawu ya koya wa Haladu komai. Ya koya masa yin tubali da jera shi, da gane azarar namijin giginya wadda gara ba ta ci daga ta mace wadda ba ta da ƙwari, da fitar da zankwaye a kan soro, da dasa indararo yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango. Abu ɗaya ya riƙe, ɗaurin guga. In Haladu ya tambaya sai ya ce, "Sai ka yi hankali." Maginan da haka suke, suna ajiye abu na ƙarshe kamar yadda tsohuwa ke ajiye tsokar nama a ƙasan kwano. Ga shi kuma ba kullum ake ba da irin aikin ba. Guda biyun da Kawu ya yi bayan Haladu ya girma, in an zo wajen ɗaurin sai ya aike shi garin Gwiwa sayen azara.

Shekarar da aka sami mulkin kai Kawu ya yanke shawara cewa yaron ya fara hankali. Yaron yana da shekara talatin da shida lokacin, da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Ya ce masa in an gama girbin gero zai zaunar da shi ya nuna masa. Aka raba wa 'yan makaranta tutoci, aka yi kaɗe-kaɗe a ƙofar gari, sati bai zagayo ba zazzaɓi ya kwantar da Kawu. Geron yana tsaye a gona aka kai shi makwancinsa.

Daga nan gari ya ɗauka Haladu ya gaji komai. Shi bai taɓa cewa ya iya ba, bai kuma taɓa cewa bai iya ba. In wani mai hali ya zo yana son ɗaurin guga, sai ya ɗanɗana ƙasar wurin ya girgiza kai ya ce, "Ba za ta ɗauka ba." Har aka riƙa yaba masa gaskiya, ana cewa ga maginin da ba ya cin amanar mutane don son aiki. Ni kaɗai na sani, don wata rana da ya zo kwasar ɓawon ɗorawa ya faɗa mini, kansa a cikin buhu.

Na ce, "Sarkin laka, ashe kai ma ɗan kallo ne irina."

Ya ce, "Mai wari, rufa mini asiri."

Sauran gine-ginen Kawu biyu masu irin rufin duk sun tafi kafin a gama yaƙin basasa. Ɗaya hanya ta bi ta kansa, ɗaya magada suka rushe suka raba filin. Zauren Madugu kaɗai ya rage. In ya faɗi, babu mai tayar da shi, kuma ranar da ya faɗi za a kira ɗan Sama'ilu a ce ya tayar, kowa ya gane. Saboda haka Haladu ya riƙe zauren nan kamar yadda mai ido ɗaya ke riƙe idonsa.

Sau biyu a shekara yake hawa, kafin ruwan farko da bayan na ƙarshe. Ba ya hawa da takalmi. Zai bi rufin taku-taku yana danna diddige, inda ya ji ya yi laushi ya zana da tsinke. Ya zura hannu cikin kowane indararo ya fitar da sheƙar tsuntsu. Ƙasar yaɓen daga kududdufi ɗaya take zuwa, na bayan makabarta, a haɗa ta da ciyawa da kashin doki a bar ta kwana bakwai tana ruɓewa, kullum da hantsi a taka ta a juya, sannan a zuba makuba. Da tafin hannu yake shafawa. Har yau in rana ta karkata za ka ga sawun yatsunsa a bangon yamma, gajeru masu kauri. Gidan Madugu ba sa kiransa, ba ya kuma jiran a kira shi. Ganin tsani kawai suke yi a jingine, su san shekara ta juyo.

Sai man fetur ya zo. Mu dai ba mu ga man ba, abin da ya haifa muka gani. Motoci suka koma hannun dama, fam ya koma naira, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji suka sayi rediyo da babur, kowa kuma ya gano cewa kakanninsa a cikin ƙazanta suka rayu. Ana ta sauke soraye ana ɗora kwano. Da rana ka gasu, in ana ruwa kuma ba ka jin abin da mijinka ke cewa, wanda ni a wurina ba asara ba ce. Haladu ya koma gyaran katangu da ginin rumbuna a ƙauyuka.

Mai gidan Madugu a lokacin jikansa ne, Alhaji Muhammadu Lawal. A da sayen gyaɗa yake yi, da gyaɗa ta mutu ya koma kwangila, yana gina azuzuwan makarantu. Zan faɗi gaskiyarsa tunda ba ya raye balle ya ji daɗi: mutumin kirki ne. Abokansa sun sha ce masa ya ture tsohon zauren ya yi bene, ya ce a nan aka raɗa masa suna, a nan aka yi wa kakansa salla, ba mai taɓa shi. Son zauren ne ma ya sa ya yi abin da ya yi. Ya ga Haladu ya haura hamsin yana hawa tsani, ya ga siminti ya cika gari, sai ya ce bari ya yi abu ɗaya ya hutar da bango ya hutar da magini.

Ya jira har Haladu ya tafi Babura ginin katangar wani mai hatsi, aikin sati shida. Wai yana so ya ba shi mamaki. Ya sa birkilansa, Silvanus, wani Kirista daga kudancin Zariya da ya fi wasu 'yan garin jin Hausa, ya lulluɓe zauren da siminti ciki da waje, har rufi, har zankwaye. Aka cire indararon katako aka sa bututun ƙarfe siriri. Aka shafa fenti kore. A saman ƙofa aka rubuta sunan Alhaji da shekara.

Ina wurin ranar da Haladu ya dawo, na kawo wa matan gidan daddawa. Ya sauka daga motar Babura da ƙunshin kayansa a ka, ya shawo kwana, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har na zaci salla ya tayar. Alhaji ya fito yana murmushi.

"Malam Haladu, sannu da hanya. Ka ga aiki?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Daga yau ka huta. Ba kai ba tsani. Wannan har jikokinmu ba za su sake yaɓe ba. Yaya ka gani?"

Haladu ya dubi bangon, ya dubi Alhaji, ya dubi mutanen da suka taru ana jiran bakinsa. Mutum ya kashe dukiyarsa don ya hutar da kai, a gaban jama'a, a ƙofar gidan da ubanka ya ci abinci.

Ya ce, "Madalla."

Alhaji ya juya ga mutane ya ce, "Kun ji dai. Ɗan Sama'ilu ya sa albarka."

Ga abin da Haladu ya sani bai faɗa ba, kamar yadda ya yi mini bayani daga baya a cikin kalmomi kusan goma, na ƙara sauran. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani, kamar jikin mutum da gumi. Siminti ba ya kama ƙasa, zama kawai yake yi a kanta kamar riga. Rana ta buga shi ya yi 'yar tsaga da ido ba ya gani, ruwa ya shiga ta nan, ya nemi hanyar fita ya rasa. Sai ya zauna a ciki yana cin bango, riga kuwa tana nan kore shar a waje.

Shekara biyu na farko ruwa bai yi yawa ba, zauren ya yi ta ƙyalli, har daga Roni ake zuwa kallo. Mutum uku a unguwar suka kwaikwaya. Haladu ya ɗauki wata sabuwar al'ada: kullum da safe sai ya je gaida Alhaji. Ya zauna ya jingina da bangon gabas, inda ruwa ke bugowa, ya sa hannu a baya yana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa. Da fari bangon na amsawa da ƙarfi. A shekara ta uku ya fara amsawa kamar ganga.

Kullum yakan yi niyyar magana. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, dama..." sai ya tsaya. Alhaji kuwa ya san mutane, ya san abin da ke kawo talaka gaisuwa kullum yana cewa dama. Ya tuna shi ya raba bawan Allah da aikinsa. Sai ya shiga gida ya fito masa da riga. Wani satin hula. Da ya ga gaisuwar ba ta tsaya ba, ya ba shi agogon hannu, sannan rediyo. Kowace kyauta ta ƙara ɗinke bakin Haladu. Shatu ta ce ita dai ba ta san abin da mijinta ke yi a gidan Madugu ba, amma kada ya fasa.

Daminar shekara ta uku ta zo da ƙarfi. A watan da gero ke fitar da kai, wata ranar Laraba da hantsi, ina tsakar gida ina shanya kalwa, ya shigo da sabuwar riga da agogo, ya tsuguna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Dela, bangon gabas ya tafi. Ƙafar baka ɗaya a ciki take."

"To ka je ka gaya wa mai bango. Ni ina ruwana, a ɗakin kara nake kwana."

"Na ce madalla."

"Shekara uku ke nan. Madallar ta tsufa, sake wata."

"Ga riga. Ga rediyo."

"Kwana nawa ya rage?"

"Ruwa biyu masu ƙarfi. Ko uku."

"Mutane kuma suna zaune a ƙarƙashi suna cin goro."

Na rufe kalwata na ɗauki mayafi. Abin da ya sa ya zo wurina na sani. Ubana Bafillace ne na Roni, gidan Madugu kuwa Barebari ne, kuma tsakaninmu da su babu kunya tun kaka da kakanni. Abin da Haladu ba zai iya faɗa a shekara uku ba, ni ina iya faɗarsa kafin in gama sallama.

Na tarar da Alhaji a zaure da mutane kamar goma. Haladu ya raɓe a bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "A'a, 'yar Fillo. Yau nono aka kawo mana ko warin nan ne dai?"

"Ban kawo komai ba, Babarbare. Ta'aziyya na zo yi tun da wuri, kada ranar ta zo ina da aiki."

"Ta'aziyyar wa?"

"Taka, da duk wanda ya zo cin goronka. Ara mini sandar nan taka ta Makka."

Ya miƙo mini yana dariya, ya ɗauka wata tsiyar zan yi. Na dubi Haladu, ya nuna mini wurin da haɓa, kamar kamu uku daga ƙasa. Na ɗaga sanda na maka. Ban sa ƙarfi ba, wanda nake sawa a turmi ya fi haka. Simintin ya fashe kamar ɓawon ƙwai, wani faifai guda ya zame ya faɗo, bayansa baƙar laka ta biyo tana gangarowa kan tabarma, da kyankyasai, da wani wari da ko ni sai da na ja baya. Mutum goman nan suka tuna suna da uzuri a waje.

Alhaji bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya ce, "Malam Haladu, shigo. Ka san da wannan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Na tambaye ka a gaban mutane, ka ce madalla."

"Aikin ya yi kyau. Bangon ne bai so ba."

"Zuwan da kake yi kullum fa?"

"Shi nake dubawa."

Alhaji ya dubi rigar da ke jikin Haladu, ya dubi agogon. Ya ce, "To. Abin da ya wuce ya wuce. Allah ya sa muna da ɗan Sama'ilu a gari. Ka sauke abin da ya ruɓe ka sake ɗaure shi yadda ubanka ya yi. Duk abin da kake bukata a kawo."

Mutanen da suka fita sun dawo sun cika bakin ƙofa, har da Silvanus da aka kira. Na dubi taubashina. Zai iya tsugunawa ya lashi lakar nan ya ce ba za ta ɗauka ba, kowa ya yarda, a ture zauren a sa kwano, ya mutu da sunansa.

Ya ce, "Ban iya ba."

Alhaji ya ce, "Me?"

"Ɗaurin guga. Baba bai nuna mini ba. Ya ce bayan girbi."

"Wane girbin?"

"Na shekarar mulkin kai."

Babu wanda ya yi dariya, ko ni. Wani tsoho a bakin ƙofa da Haladu ya taɓa ce wa ƙasar gidansa ba za ta ɗauka ba ya yi gyaran murya sau biyu, ya fasa.

Haladu ya ci gaba, kuma ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Ya ce ƙafa uku lafiyarsu ƙalau, ɗaya ce ta ruɓe. In an tokare rufin aka rufe shi daga ruwa har kaka, zai buɗe ruɓaɓɓiyar a hankali ya ga yadda aka ɗaura ta, ya mayar. In ya gane, to. In bai gane ba, a kansa za ta faɗo, ba a kan kowa ba.

Silvanus ne ya fara magana. Ya ce, "Alhaji, ni na sa rigar nan, ni zan cire ta. Ina da ƙarafan tokare a wurin aikin makaranta, da tamfol." Ya juya ga Haladu ya ce, "Baba, da ka gaya mini ai." Haladu ya ce, "Ai ina can Babura lokacin."

Kafin la'asar an tokare rufin da ƙarfe takwas an lulluɓe shi. Alhaji ya koma karɓar baƙi a gindin darbejiya. Da ruwa ya ɗauke, Silvanus da mutanensa suka yi kwana goma sha biyu suna ɓare siminti da kurfi da guduma. Haladu ya tafi Gwiwa da kansa ya zaɓo azara, wannan karon ba wanda ya aike shi.

Sannan ya fara buɗe ƙafar. Bai yarda a sa diga ba. Da wuƙa da yatsa ya yi ta ƙwaƙule ƙasar, kamar mace mai son koyon kitso da ba ta da mai koya mata, sai ta zauna tana tsefe na kan wata tana lura da inda kowane gashi ya bi. Kwana tara yana yi. Duk azarar da ya ciro sai ya shimfiɗa ta a ƙasa daidai yadda ya same ta. Ni nake kai masa fura, don Shatu ta ce ba za ta je ta ga inda za a mayar da ita gwauruwa ba.

A rana ta tara na tarar da shi zaune a kan tsani. Na ce, "Ka sami layar?" Don shekara da shekaru ya yi imani akwai wani asiri a ciki, ko rubutu ko ƙaho, wanda sai an yi hankali ake ba mutum.

Ya ce, "Babu."

"Me ke ciki?"

"Azara. Hawa biyar, kowane ya ɗan leƙo gaban na ƙasa. An ɗaure da igiyar fata tun tana ɗanya, ta bushe ta matse. An danne gindin da duwatsu a cikin bango."

"Shi ke nan?"

"Sai wannan." Ya miƙo mini wani guntun itace mai santsi. Na juya shi. Kan taɓarya ne, karyayye. Ya ce a hawa na uku Kawu ya yanke azara ɗaya ta gaza, maimakon ya sake wata sai ya cusa wannan ya cike. Shekara hamsin da wani abu rufin Madugu na zaune a kan taɓaryar wata mata.

Na ce, "Ka ga abin da ya sa yake aikenka Gwiwa."

Mayarwar ta ci wata biyu, don kowane hawa sai ya bushe sarai kafin a ɗora na gaba, kuma Haladu ya ƙara kwana uku-uku a kan abin da ya kamata saboda tsoro. Bai mayar da taɓaryar ba, ya yanke azararsa daidai. Ranar cire ƙarafa unguwa ta taru a waje, nesa kaɗan. Alhaji ya ce zai shiga, Haladu ya ce a'a, alkawari ne. Ya shimfiɗa buzu a tsakiyar zaure, daidai ƙarƙashin farantin, ya zauna ya ɗora ƙwaryar fura a cinya. Silvanus ya riƙa kwance ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, yana addu'a irin tasu, in ya ciro ya fito da gudu. Da aka cire na takwas wani ɗan ɓurɓushin ƙasa ya zubo cikin furar. Haladu ya duba, ya motsa da ludayi, ya sha. Muka jira. Da ya shanye ya leƙo ya ce a kawo tabarmi.

Alhaji ya yarda a mayar da yaɓen makuba da indararon katako ko'ina, ban da saman ƙofa inda sunansa yake. Haladu ya ce wannan ɗan wurin bango zai iya haƙuri da shi.

Ya iya ɗaurin guga yana da shekara hamsin da huɗu, kuma daga ranar har ya bar duniya babu mutum ɗaya da ya zo ya ce a yi masa. Wani mai shanu daga Roni ya zo ya duba, ya tambayi wata nawa ake yi, da ya ji sai ya sayi kwano. Haladu ya jira shekara biyu. A ta uku ya rushe ɗakin Shatu da rani ya gina mata sabo, ƙarami, mai ɗaurin guga, tun daga tushe har sama aikin hannunsa, ba na gyara ba. Ya manna murfin kwanon sha a tsakiya.

Shatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai ta duba. Ta ce na Madugu ƙafa ɗaya ce tasa, uku na ubansa ne, wannan kuwa duka huɗun nasa ne. Ta kwashe kayanta ta kai ɗakin girki, ta kora awakinta cikin sabon ɗakin. Damina biyu awaki suka yi a ɗakin da ya fi kowane sanyi a unguwar, suka yi ƙiba, ɗaya ta haifi uku. Haladu yakan dai shiga da safe ya share. Da ruwan shekara ta biyu ya ɗauke, ta ƙirga su ta ga ba wadda ta rasa ko kunne, sai ta fitar da su ta sa aka yi daɓe, ta shigar da gadonta. A ɗakin ta yi jinyarsa shekara goma sha ɗaya bayan haka, a ciki kuma aka yi masa wanka.